Me Ake Tattaunawa A Tarukan Doka Da Al'umma?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibin lauya a Zariya, yana son sanin yadda aka faro tarukan masana kan alaƙar doka da al'umma, da abin da ake tattaunawa a cikinsu.

To, malam, mun gode. Fitacciyar ƙungiyar da ke shirya irin waɗannan taruka ita ce Law and Society Association, wadda aka kafa a Amurka a 1964, ta fara fitar da mujallarta a 1966. Tana taro duk shekara, wani lokaci kuma a wajen Amurka, kamar Amsterdam a 1991, Berlin a 2007 da Lisbon a 2022.

Mahalarta sun haɗa da lauyoyi da masana zamantakewa da na tarihi da siyasa. Abin da suke bibiya shi ne bambancin dokar da ke rubuce da yadda take aiki a rayuwar mutane. Misali, a 1963 masani Stewart Macaulay ya gano cewa 'yan kasuwar jihar Wisconsin ba su cika kai juna kotu ba idan an saɓa yarjejeniya, sulhu suke yi don ciniki ya ɗore. A 1974 kuma masani Marc Galanter ya bayyana dalilin da ya sa manyan kamfanoni, da suka saba shiga kotu, kan rinjayi wanda bai saba shiga kotu ba.