Darasi: Baƙin Man Mota Mai Gudu Wadda Aka Saya Ta Hannu

Jama'a, duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san ba a kiwonsa kamar jaki. Jaki ya kan ci abin da ya samu, ya kwana a turke, gobe ya ɗauki kaya. Ingarma kuwa sai da dawa, da kanwa, da ruwa mai kyau. In an rage masa, ranar sukuwa za a gani.

Motoci ma haka su ke. Akwai na ɗaukar kaya, akwai na haya, akwai kuma waɗanda aka ƙera musamman domin gudu. Yawancin masu gudun nan da ke shigowa ƙasarmu ba sababbi ba ne. Wani ya riga ya hau su shekara da shekaru a Turai ko Amurka, sa'an nan aka ɗoro su a jirgin ruwa. Su ne mu ke kira 'yan Beljiyam. Yau za mu koyi yadda a ke zaɓa wa irin wannan mota baƙin mai, da yadda a ke yi mata juye. Wanda ba shi da mota ma ya saurara, gama babur da injin niƙa da injin ban ruwa duk da baƙin mai su ke aiki.

Aikin baƙin mai

A cikin inji, ƙarfe ne ke gudu a jikin ƙarfe. Sa'ad da mota ke tafiya a kan hanya, injinta ya kan juya kamar sau 3,000 a minti ɗaya, watau sau 50 a daƙiƙa guda. Abin da ke hana ƙarafan nan cin juna shi ne ɗan man da ke tsakaninsu, wanda bai kai kaurin takarda ba.

Aikin mai huɗu ne. Yana sa santsi. Yana ɗebe zafi. Yana wanke dauɗa ya kai ta filta, watau matatar mai. Yana kuma toshe 'yar kafar da ke tsakanin fistin da bangon silinda, don kada ƙarfi ya zurare. In mai ya ƙare, ko ya lalace, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, sai ka ji an ce inji ya buga. Kuɗin gyaran injin da ya buga ya isa sayen mai na shekaru masu yawa.

Abin da ya sa mota mai gudu ta ke da tsirfa

Mu ɗauki misali da Golf GTI, ta kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus. Ta fara fitowa kasuwa a 1976 da ƙarfin doki 110. Wadda ta fito a 2004 tana da ƙarfin doki 200, alhali injinta ba wani babba ba ne, na lita 2 ne. To, ina ƙarfin ya fito? Daga wani abu da a ke kira turbo.

Turbo 'yar farfela ce wadda hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana tura iska mai yawa cikin inji. Ta kan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafi mai tsanani. Man injin nan dai shi ne ke sa mata santsi, shi ne kuma ke sanyaya ta, ta wani siririn bututu. Mai marar kyau ya kan ƙone a wurin, ya zama gawayi, ya toshe bututun. Daga nan turbo ta mutu. Saboda haka man da tsohuwar akori-kura za ta sha ta zauna lafiya, yana iya kashe irin wannan mota.

Lambobin da ke jikin galan

Ku tuna da man shanu. Da hunturu ya kan daskare, da bazara ya narke ya zama ruwa. Baƙin mai ma yana kauri da sanyi, yana tsinkewa da zafi. Wata ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, mai suna SAE, ita ta tsara lambobin da ke nuna kaurin mai. Za ku ga an rubuta a jikin galan:

5W-30, 5W-40, 10W-40, 15W-40, 20W-50.

Lamba ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudu sa'ad da inji ya ke da sanyi. W ɗin nan farkon kalmar hunturu ce da Turanci. In lambar ƙarama ce, man zai yi saurin hawa saman inji da safe. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa sa'ad da inji ya ɗauki zafi, kamar zafin tafasasshen ruwa. In babba ce, man ya fi kauri a zafi.

Mutane da yawa su kan ce, "Ƙasarmu da zafi, sai mai kauri, a zuba 20W-50." Ga tsohuwar mota kamar Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, maganar tana da kama. Amma injunan baya-bayan nan hanyoyin mansu ƙanana ne ƙwarai. Mai kauri ya kan yi nawa kafin ya kai wurin da a ke bukatarsa, ƙarfe kuwa ba ya jira. Ban da haka, zafin cikin inji ya ninka zafin rana. Ko a Sakkwato ko a Jamus, lagireto ne ke riƙe shi kusa da awo ɗaya. Don haka ba da yatsa a ke gwada mai ba. Waɗanda suka ƙera motar sun rubuta lambar da ta dace a cikin littafinta, wani lokaci ma a kan murfin wurin zuba mai. In littafin ya ba da lamba biyu ko uku, a ɗauki wadda ya ce ta ƙasashen zafi ce.

Haruffan da ke jikin galan

Lamba kauri kaɗai ta ke nunawa. Kyan mai kuwa haruffa ne ke faɗinsa. Wata ƙungiya ta Amurka, mai suna API, ita ke ba da su. Harafin S na injin fetur ne, harafin C na injin gas. Harafin da ke biye yana nuna zamanin man. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Ga injin fetur, na baya ya kan yi aikin na gaba da shi. In littafi ya ce SL, ana iya zuba SN ko SP. In ya ce SN, kada a zuba SL.

Motocin Turai su kan ƙara da lambar kamfaninsu. Golf ɗin nan ta 2004 tana son man da aka rubuta masa VW 502 00, wanda galibi 5W-40 ne. Wasu motocin Mercedes suna son MB 229.5, wasu na BMW kuwa Longlife-01. A juya bayan galan a nemi lambar. In babu ita, a mayar wa mai kanti abinsa.

Mai iri uku ne. Akwai na gama-gari, wanda aka tace daga ɗanyen man ƙasa. Akwai sintetik, wanda aka sarrafa ƙwarai a masana'anta, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, ya fi tsada. Akwai kuma gaurayen su biyun. Mota mai turbo sintetik ta ke so. Mai babur kuma ya nemi haruffan JASO MA, gama a yawancin babura kulocin yana cikin man ne, wani man mota kuwa ya kan sa shi sulɓi.

Ku yi hankali da jabu. Kada ku sayi man da a ke aunawa a kwalba a bakin hanya, gama ba wanda ya san abin da ke ciki. Ku sayi galan mai hatimi wanda ba a fasa ba, a wurin da kuka amince da shi. In an juye man, ku huda galan ɗin ko ku yanke shi, kada wani ya cika shi da gurɓatacce ya sayar. Araha ba ta ado.

Ranar da aka sayi mota

Mai sayarwa zai ce, "Alhaji, jiya-jiya aka yi mata sabis." Ka gode masa, amma ka ɗauka ba a yi ba. Kafin ka biya kuɗi, ka duba abu uku.

1. Buɗe murfin wurin zuba mai. In ka ga baƙar laka kamar kwalta, an daɗe ana wasa da juye.
2. Zaro sandar awon mai, wadda makanikai ke kira geji. In man ya yi fari-fari kamar shayi mai madara, ruwa yana shiga cikinsa. Wannan babbar cuta ce.
3. A ta da inji, ka tsaya a baya. Shuɗin hayaƙi alama ce inji yana shan mai.

In ka saya, kada ka fara da doguwar tafiya. Fara da gareji. A juye mai, a sa sabuwar filta, a canja filtar iska. A duba fulogi, da ruwan lagireto, da man birki. In injin mai bel ɗin taimin ne, kuma ba takardar da ta nuna ranar da aka canja shi, a canja. In ya tsinke a kan tafiya, a injuna da yawa fistin ya kan doki bawul, aiki ya zama babba.

Yaushe a ke juye?

Littattafan Turai su kan ba da tafiya mai nisa tsakanin juye da juye, kilomita 15,000 ko fiye. Wannan lissafin hanyoyinsu ne. Mu muna da ƙurar hunturu, da hanyar burji, da cunkoson gari. Littattafan da kansu sun ce a irin wannan hali a rage. Man gama-gari kada ya wuce kilomita 5,000. Sintetik yana iya kai 8,000 ko 10,000. Ko mota ba ta tafiya, kada mai ya shekara a cikinta. Duk juye kuma da sabuwar filta, gama ba a wanka a mai da riga mai dauɗa.

Ku lura da agogon mota. Motocin Amurka da na Ingila da mil su ke ƙirga. Mil 1 kilomita 1.6 ne, watau kilomita 5,000 kamar mil 3,100 ke nan. Wanda bai san wannan ba zai wuce lokaci yana tsammani da saura.

Ka tsaya a wurin sa'ad da a ke juye. Ka ga an fasa galan a gabanka, ka ga tsohuwar filta a ƙasa. Sa'an nan ka rubuta a ɗan littafi: ranar wata, lambar agogo, da sunan man. Ranar da za ka sayar da motar, littafin nan zai ƙara mata daraja.

Kullum da ko wane mako

Sau ɗaya a mako, a auna mai. A tsai da mota a wuri mai daidai, inji a kashe, a dakata 'yan mintoci. A zaro geji, a goge da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu. A motoci da yawa, tsakanin zanen nan kamar lita 1 ne. Kada a cika ya wuce zanen sama, gama zai yi kumfa, kumfa kuwa ba ta sa santsi. Wasu sababbin motoci ba su da geji, a allon gaban direba su ke nuna awon.

Da safe kada a taka totur da ƙarfi. A tafi sannu har inji ya ɗumama. Bayan gudu mai tsanani, a bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don turbo ta huce.

A gaban direba akwai wata jar fitila mai siffar 'yar buta. In ta kama ana cikin tafiya, mai ba ya zagawa. A sauka gefen hanya, a kashe inji nan take. Kada a ce bari a ƙarasa gari. Gara a biya kuɗin jan mota da a biya kuɗin inji.

Tsohon mai

Man da aka juye dafi ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko a gona, ko a kwata. Kada a shafa shi a gyambon dabba ko na mutum. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, gama daɗewarsa a fata yana kawo ciwo. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da yara, a mayar wa gareji.

To, jama'a, abu uku ne za ku riƙe, dukansu kuwa a rubuce su ke: lambar kauri, haruffan kyan mai, da lambar agogo. Wanda ya karanta su da idonsa, ba mai sayar masa da abin da bai nema ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka huɗu na baƙin mai.
2. A cikin 5W-40, me 5W ke nunawa? Me 40 ke nunawa?
3. Littafin mota ya ce SN. Kanti yana da SL da SP. Wanne za ka saya?
4. Me za ka yi in jar fitila mai siffar buta ta kama?

Lissafi

1. An yi juye agogo yana nuna 142,300. Man na kilomita 5,000 ne. A wace lamba za a sake?
2. Mota tana tafiyar kilomita 200 kullum. Kwana nawa za ta yi kafin ta cika 5,000?

Rubutu

Ko wane ɗalibi ya nemi galan ɗin mai, ko na babur ko na injin niƙa. Ya kwafi lambobi da haruffan da ke jikinsa, ya kawo aji mu karanta tare.