Kare Ƙananan Masu Hannun Jari a Rassan Kamfanonin Ƙetare

Da dama daga cikin manyan kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwar hannun jari ta Legas rassa ne na kamfanonin ƙetare, irin su Nestlé Nigeria da Nigerian Breweries da MTN Nigeria, wanda ya shiga kasuwar a 2019. A irin wannan tsari uwar kamfani, wato babban kamfanin da ya mallaki kaso mafi tsoka, ita ke da wuƙa da nama wajen zaɓen daraktoci, alhali dubban 'yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa sun zuba gumin goshinsu a reshen.

Matsalar ta fi kamari a cinikin 'yan gida ɗaya, wato hulɗar kuɗi tsakanin reshe da uwarsa, domin reshen kan sayi kayan sarrafawa daga gare ta, ya biya ta ladan amfani da sunan haja da na taimakon fasaha, ya kuma ranci dala a hannunta. Uwar tana karɓar waɗannan kuɗaɗe ko an ci riba ko an faɗi, amma ƙaramin mai hannun jari sai an raba riba yake ganin kwabo. Da darajar naira ta karye bayan sauyin tsarin canji na watan Yunin 2023, bashin dala ya kumbura a littattafan rassa da yawa, har Nestlé Nigeria ya rufe shekarar da asara, aka kuma dakatar da rabon riba.

Duk da haka, doka ba ta bar ƙananan masu hannun jari hannu rabbana ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ware wa masu hannun jari kujeru 3 cikin 5 na kwamitin binciken kuɗi, sai dai abin takaici shi ne sau da yawa ana cike kujerun da waɗanda ba su iya karanta bayanan kuɗi ba, don haka wajibi ne a tsayar da ƙwararrun akantoci. Ya kamata kuma mai hannun jari ya buɗe shafin cinikin 'yan gida ɗaya a rahoton shekara kafin babban taro, ya kwatanta abin da aka tura wa uwar da ribar da aka raba, ya tambayi kuɗin ruwan bashin da kuɗin ƙasar da za a biya shi da shi. Ƙa'idojin kasuwar sun hana uwar kaɗa ƙuri'a a kan cinikin da take da moriya a ciki, saboda haka ƙuri'ar ƙanana tana da nauyi idan sun haɗa kai, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da masu hannun jarin PZ Cussons Nigeria suka ƙi amincewa a mayar da bashin da uwar kamfanin ke bin reshen ya zama hannun jari, matakin da zai rage kasonsu.