Zomon Da Ya Ƙi Cin Abinci

A gidaje da yawa na Hanwa da Tudun Wada a Zariya za ka tarar da akwatin zomaye a bayan ɗaki, galibi na yara ne. Kukan da masu su ke yawan yi shi ne, zomo ya kwana lafiya, gari ya waye ya takure a lungu ya ƙi ko sansana abinci. Sai maigida ya ce a bar shi, in yunwa ta cije shi zai ci. To jama'a, wannan dabara ta akuya ce, ga zomo kuwa ajali ce.

Dalili shi ne cikin zomo dabam ya ke da na sauran dabbobin gida. Ba ya iya amai, hanjinsa kuwa ba ya tafiya sai da ciyawa mai kaushi tana tura na gaba. Kadan ya daina ci, hanjin ya tsaya, iska ta taru, ciki ya yi ciwo, ciwon kuma ya ƙara hana shi ci. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai kuwa yi kashi ba, yana cikin hatsari ƙwarai.

Saboda haka ku riƙa duban ƙarƙashin akwati kowace safiya. Kashin lafiyayyen zomo dunƙulalle ne, mai yawa. In ya ƙanƙance, ko ya ragu, cuta ta soma ke nan tun kafin ido ya gan ta.

Babban mai laifi a nan ƙasarmu dusa ce. Tana da araha, zomo yana sonta, sai a cika masa kwano a mance da ciyawa da harawa. Ga shi haƙoransa ba su daina tsiro har ya mutu, tauna ciyawa ce ke goge su. In sun yi tsawo su kan soki harshe ko kunci, sai ka ga yana zubar da miyau, ya ɗauki abinci ya yar. Na biyu shi ne zafin bazara. Daga watan Maris zuwa Afrilu akwatin da aka rufe da kwano ya kan zama tanderu, zomo kuwa da zarar zafi ya wuce digiri 30 sai ya rage ci. Dusar da ta yi fumfuna da damina ita ma a zubar.

Ga abin yi. A kai shi inuwa, a sa masa ruwa mai tsabta, a miƙa masa ɗanyen ganyen dankali ko na zogale ko sabuwar ciyawa. In ya ƙi, a niƙa ganyen da ruwa kamar kunu, a ɗura masa da sirinji marar allura ta gefen baki, kaɗan kaɗan, kowace awa 4, kada ya shaƙe. Amma fa a fara taɓa cikinsa. In ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada a ɗura masa kome, a ruga da shi wurin likitan dabbobi. Mutanen Hanwa ba su da uzuri, gama asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru kusa da su, ga kuma ma'aikatar binciken dabbobi ta Shika inda a ke kiwon zomaye.

Abu ɗaya kuma lalle a kiyaye. Kada a ɓare kafson mutane irin su amfisilin ko amoksisilin a ba zomo ta baki. Wannan magani yana kashe ƙwayoyin kirki da ke narkar masa da abinci, ya sa masa zawo ya kashe shi.

Alamar samun sauƙi ita ce kashi ya komo, da fari ƙanana busassu, sa'an nan su yi ta girma. Ya kan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya ci kamar da. A bar shi kan ciyawa da harawa tukuna, a komo da dusa a hankali, kada ta wuce cikin tafin hannu a yini.