Ƙurar Buntu da Ƙirjin Ɗana

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini kwana uku ke nan tana jiyo tarinka daga ɗakinta wajen ƙarfe biyun dare, ƙirjinka na fito kamar ana busa sarewa. Ni ma na lura da kai jiya bayan la'asar. Gashin idonka fari fat da ƙurar buntu, kuma kafin ka gama gaishe ni sai da ka tsaya sau biyu ka ja numfashi.

Kada ka ɗauka zan ce ka bar injin casar shinkafa yau. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, shinkafa ta rufa asirin gidaje da yawa a nan Gwadangaji, kuma daga nan har Argungu injuna ba sa hutawa. Da kuɗin injin nan ka yi aure. Na san darajarsa.

Abu ɗaya nake so ka tuna. Lokacin babbar Salla, da maigidanku ya rufe inji kwana biyar, da bakinka ka ce mini ka yi barcin da ka daɗe ba ka yi irinsa ba. Kuka koma aiki, kwana biyu tari ya dawo. To, wannan ita ce alamar asmar wurin aiki da likitoci ke nema: ciwon da ke lafawa idan an huta, ya taso idan an koma bakin aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai kai kana ganin yoyon kana ɗora wa sanyin hunturu laifi.

Asma kumburi ne a hanyoyin iska na huhu. Suna tsukewa, majina ta taru, iska ta riƙa fita da ƙyar. Wani da ita ya tashi tun yana yaro, ƙurar wurin aiki tayar masa da ita kawai take yi. Wani kuwa lafiyarsa lau, sai ya yi watanni ko shekaru yana shaƙar abu ɗaya, jikinsa ya ƙulla gaba da abin. Daga nan ko ɗan kaɗan ya shaƙa, ƙirji ya ɗaure. Sau da yawa da atishawa ake farawa, da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido, irin wanda ka yi fama da shi bara. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ciwon kan jira sai an dawo gida, cikin dare, sannan ya taso, shi ya sa ba a zargin aikin. Masana sun ƙiyasta cewa cikin manya shida masu asma, kusan ɗaya aikinsa na da hannu a ciki. Masu gidan burodi, kafintoci da masu fentin mota duk suna cikin wannan sahu.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'a, har da masu tankaɗe da awon hatsi, ya kuma ja hankalin likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. Idan likita ya manta bai tambaye ka ba, kai ka faɗa masa.

Ka je asibitin Sir Yahaya ko na gwamnatin tarayya da ke Birnin Kebbi. Tarin da ya kai mako biyu sai an gwada majina, a tabbatar ba tarin fuka ba ne, domin maganinsu daban. Akwai kuma wani ɗan bututu da ake hurawa da ƙarfi, ya nuna lambar ƙarfin numfashi. Ana so ka riƙa hurawa aƙalla sau huɗu a rana har wasu makonni, ranakun aiki da na hutu, kana rubutawa. Ka haɗa shi da lokutan salla don kada ka manta. Wannan takarda ita ce shaidarka, kuma sai kana kan aikin take yin amfani, don haka kada ka ajiye aiki cikin fushi kafin a gama.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, irin su Ventolin, akwai kuma mai kashe kumburin a hankali, wanda ake shaƙa kullum ko da ana jin sauƙi. Na sha jin ana cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa. Ba gaskiya ba ne. Abin tsoro shi ne ƙananan ƙwayoyin nan da ake saya a kyamis ba tare da likita ba, irin su firedinisolon. Suna kawo sauƙi, amma idan aka daɗe ana sha sukan kumbura fuska, su tayar da hawan jini da ciwon suga. Duk daren da ka kasa haɗa magana saboda numfashi, ko ka shaƙa magani bai yi aiki ba, a kai ka asibiti a lokacin, kada a jira asuba.

Ƙyallen da kake ɗaurawa a hanci manyan ƙwayoyin ƙura kawai yake tarewa, mai laushin tana wucewa. Ka nemi takunkumin N95 wanda ya kama fuska sosai. A yayyafa ruwa kafin shara, ka daina tsayawa inda iska ke koro buntu, ka kuma canza kaya kafin ka ɗauki jaririyarka.

Amma in gwaji ya nuna jikinka ya riga ya ƙulla gaba da ƙurar, takunkumi rage ta kawai zai yi. Sai ka matsa daga bakin inji. Na san wani mai burodi da ya yi ta haƙuri da garin fulawa shekara da shekaru don tsoron rasa abinci. Da ya bari daga baya, ciwon bai bar shi ba. Wanda ya matsa da wuri ya fi samun damar warkewa.

A harkar shinkafa akwai awo, akwai rubuta rasit, akwai sayo shanshera a ƙauyuka. Ni zan yi wa maigidanka magana, mun san juna tun kafin a haife ka. Kai dai gobe bayan sallar asuba ka biyo ta nan, mu tafi asibitin tare.