Yadda Ake Lissafin Tallafin Manoma a Gundumar Gaines ta Amurka

A yammacin Jihar Texas, dab da iyakar New Mexico, akwai wata gunduma mai suna Gaines, wadda hedkwatarta ke garin Seminole. Ƙasa ce mai rairayi da ƙarancin ruwan sama, ana yin noman ban-ruwa a cikinta daga rijiyoyin burtsatse, amma tana sahun gaba a jihar wajen noman auduga da gyaɗa. Manomanta na karɓar tallafi daga gwamnatin tarayya, kuma hanyar lissafinsa ita ce abin nazari a nan.

Tsarin ya samo asali ne daga dokar 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Dokar 2014 ta soke kuɗin da ake biyan manomi ko farashi ya faɗi ko bai faɗi ba, ta kawo sababbin shirye-shirye, ciki har da PLC, wato cike giɓin farashi.

Dokar ta yanke wa gyaɗa farashin ma'auni na dala 535 kan kowane ton, kafin a ɗaga shi zuwa dala 630 a 2025. Idan matsakaicin farashin kasuwa na ƙasa baki ɗaya ya gaza ma'aunin, sai gwamnati ta biya bambancin. A misali, a ɗauka manomi na da eka 100 a rajista, kowace eka an ƙiyasta mata ton 2, farashi kuma ya tsaya a dala 435 a ƙarƙashin tsohon ma'aunin. Giɓin ya zama dala 100. Da yake kashi 85 cikin 100 na gonar kawai ake biya wa, za a ba shi dala 17,000.

Sai dai fa ekar nan 100 ba abin da ya shuka a bana ba ne. Tarihin gonar ne, kamar yadda yake rubuce a ofishin Ma'aikatar Aikin Gona na gundumar. Ko dawa ya shuka, kuɗin gyaɗa zai karɓa. Hikimar ita ce kada tallafi ya ingiza manoma su cika kasuwa da abu guda. Illar kuwa, tunda kuɗin gona yake bi, mai filin yakan ƙara kuɗin haya, ya kwashe wani kaso daga hannun wanda ya yi noman. Haka kuma mai babbar gona shi ke samun babban rabo. Dokar 2014 ta ƙayyade dala 125,000 ga mutum guda a shekara, amma gyaɗa na da nata ƙaidin daban, kuma 'yan uwa kan kafa kamfanin haɗin gwiwa kowa ya karɓi nasa.

Auduga kuwa ta jawo rigima. A 2002 Brazil ta kai ƙarar Amurka gaban Hukumar Ciniki ta Duniya, ta kuma yi nasara. A 2003 Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka koka cewa tallafin na karya farashin audugarsu. A 2014 aka cire auduga daga shirin, Amurka ta biya Brazil dala miliyan 300 aka rufe maganar. Ba a jima ba, a 2018, Majalisar Dokoki ta mayar da ita, wannan karon da sunan audugar da ba a gurza ba.