Na ba kajina magani, murar ta lafa kuma ta dawo

Da kuɗin adashina na sayi 'yan tsaki na gidan gona. Suna cika mako huɗu suka fara atishawa, da dare kuma sai ka ji ƙirjinsu na kurari. Na zuba musu Tylosin a ruwa suka ɗan farfaɗo, amma abin ya dawo, fuska ta kumbura, kullum sai na kwashe mushe. Maƙwabciyata ta ce in ba su Lasota yanzu, maigida kuwa ya ce in sayar in huta. Yaya zan yi?
Wata mai kiwo, Zariya

'Yata, sannu, Allah ya mayar miki da alheri. Kafin komai, kada ki ba su Lasota yanzu. Rigakafin cutar Niyukasil ne, ƙwayar cikinsa rayayyiya ce da aka raunana, lafiyayyar kaza ake ba. Wadda numfashi ya riga ya yi wa wuya, ƙara mata wahala zai yi.

Yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton cuta biyu ce ta haɗu. Bairos, irin na Niyukasil ko na mashaƙon kaji, shi ke fara shiga ya lalata 'yan siraran gashin da ke share ƙura daga maƙogwaro. Hanya na buɗewa sai bakteriya su bi: Mycoplasma, wadda ɗan tsako kan zo da ita tun daga ƙwai, da E. coli da ke cikin ƙurar kashinsu. Tylosin yana danne Mycoplasma, shi ya sa kika ga sauƙi, amma ba ya taɓa bairos, kuma E. coli ba ta cika jin sa ba.

Ki kai wa likitan dabbobi wadda ta mutu yanzu-yanzu da wadda ke jin jiki. In ya buɗe ya ga jakunkunan iska sun yi duhu, ko wani farin abu kamar cuku ya lulluɓe zuciya da hanta, zai san maganin da ya dace. In ya ga dama ya tura samfur cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Canza magani a kan jin-ta-jin-ta cinye jari kawai yake yi.

Sannan ki shiga ɗakin kajin da asuba ki durƙusa daidai tsayin kaza. In warin kashi ya sa miki hawaye, su a cikinsa suke kwana. Da hunturu mukan toshe ko'ina da leda don tsoron sanyi, iska ta rasa mafita. Ki buɗe sama, ki kwashe jiƙaƙƙiyar dusar katako, ki ware marasa lafiya.

Maganar maigida kuwa, ki lallashe shi. Kazar da ke kan magani ba a sayar wa mutane ita sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika. In kuma kika ga suna zubewa da yawa rana ɗaya, tukkunsu ya yi shuɗi, kada ki fitar da ko ɗaya, ki sanar da ofishin dabbobi nan take, don murar tsuntsaye tana zagayowa Najeriya tun 2006.