Sanya Farantin Ruwa a Katin Zanen Kwamfuta: Jagora ga Ofisoshin Sharaɗa, Challawa da Bompai

Katin zane shi ne sashen kwamfuta da ke ɗaukar nauyin lissafin hoto da bidiyo, kuma a kansa ne masu zana injuna da tsara marufin kaya a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai suke dogara idan aiki ya yi nauyi. Manyan katunan zamani suna shan wuta ƙwarai: RTX 3090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2020, yana shan wat 350, RTX 4090 na 2022 yana shan 450, RTX 5090 na 2025 kuwa 575, kuma kusan duk wannan wutar zafi take komawa. Idan ƙwaƙwalwar katin ta haura digiri 80 da ɗoriya a ma'aunin Salshiyos, sai ya riƙa rage gudunsa da kansa domin kare lafiyarsa, abin da mai aiki yake gani a matsayin sanɗar kwamfuta da rurin fanka, wani lokaci ma har da mutuwa farat ɗaya.

A Kano matsalar kashi biyu ce, domin daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40 ko ya wuce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin ƙarfen da fanka ke hura wa iska, ga kuma ƙurar manyan motoci da hayaƙin janareta da ba sa rabuwa da unguwannin masana'antu. Wannan ne ya sa wasu suke komawa ga sanyaya katin da ruwa, wato a cire fankokinsa na asali a ɗora masa faranti na jan ƙarfe mai siraran hanyoyi a cikinsa, wanda ruwa ke ratsawa ya kwashe zafin. Dabarar iri ɗaya ce da ta injin mota: famfo yana tura ruwa daga tanki zuwa farantin, tiyo ya kai shi lagireto, fankoki su fifita shi, ya dawo da sanyi. Ruwa yana ɗaukar zafi fiye da iska mai yawansa sau dubu uku da wani abu, shi ya sa ɗan siririn tiyo yake yin aikin da manyan fankoki suka gaza.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, ruwa ba ya kashe zafi, kwashe shi kawai yake yi daga katin ya juye shi cikin ɗaki, saboda haka ba zai taɓa yin sanyin da ya fi iskar ɗakin ba. Idan ofis yana digiri 40, ruwan ya ɗara iska da digiri 10, ƙwaƙwalwar katin ta ɗara ruwan da 10 zuwa 15, to za a tsaya wajen digiri 60 zuwa 65, wanda sauƙi ne babba ga katin, amma ruwan kansa ya kusanci digiri 60 da yawancin masu ƙera famfo suke sanyawa a matsayin iyaka. Don haka lissafin da aka saba yi a ƙasashen sanyi, na lagireto mai tsawon milimita 120 ga kowane wat 100, ƙaranci ne a Kano, ya kamata a ƙara a kai, a kuma zaɓi lagireto mai faffaɗan tsakanin haƙarƙari wanda ƙura ba ta saurin toshe shi.

Ba kowane kati ne yake buƙatar wannan ɗawainiya ba. Da yawa daga katunan na hannu da ke kasuwa sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet kafin kuɗin Ethereum ya daina wannan tsari a Satumbar 2022, kuma sau da yawa ciwonsu bai wuce bushewar man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ba. Irin waɗannan, kakkaɓe ƙura da sabunta man da ɗan rage yawan wutar da katin ke sha daga manhajarsa sukan wadatar. Farantin ruwa na katin da ke aiki mai nauyi ne sa'o'i masu yawa a jere, sannan a tuna cewa cire fankokin asali yana iya soke garanti, gwargwadon sharaɗin kamfanin da ya ƙera katin.

Wajen saye, dole farantin ya dace da ainihin samfurin katin, ba sunan ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba, domin RTX 4090 na Asus da na MSI da na Gigabyte kowanne da tsarin allonsa da wuraren ramukan sukurorinsa. Kamfanoni irin su EK na ƙasar Sulobeniya, Alphacool da Watercool na Jamus, da Bykski da Barrow na Sin, suna bayyana samfuran da kowane faranti ya dace da su, kuma ya kamata a gwada lambar da ke manne a bayan katin da wannan bayani kafin a biya kuɗi. Kada a haɗa jan ƙarfe da alminiyam a zagaye guda, saboda idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a ruwa ɗaya, wata 'yar wutar lantarki tana gudana a tsakaninsu tana cinye alminiyam ɗin har ya huje. Ofisoshin da ke maƙwabtaka da majemu a Challawa da Sharaɗa kuwa gara su zaɓi faranti mai rufin nikel, domin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga sinadaran cire gashin fata tana baƙanta jan ƙarfe tana cin sa.

Ranar aiki, a zare kwamfutar daga wuta, a ciro katin a kwantar da shi a kan tebur mai tsabta, mai aikin ya ɗaura abin sauke tartsatsi a wuyan hannu ko ya riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska takan sa bargo ma ya yi tartsatsi cikin duhu, alhali wanda bai kai wannan ba ya isa ya kashe kati. A kwance sukurorin baya ana jera su yadda suka fito, a ɗaga fankokin a hankali ana ɗan murɗawa, ba da fizga ba, sannan a zare siraran wayoyin fanka da na fitila. Tsohon man a goge shi da barasar goge na'ura mai suna aisofurofil, amma kada ta taɓa murfin farantin mai kama da gilashi, domin tana tsattsaga shi.

Matakin da ya fi kayar da masu gyara shi ne na faci, wato 'yan gutsattsarin roba masu laushi da ke sadar da zafi daga ma'ajiyar bayanan katin da masu daidaita masa wuta zuwa farantin. Kaurinsu yakan kasance rabin milimita, ɗaya, ɗaya da rabi ko biyu, kuma takardar farantin ce take faɗin wanda ya dace da kowane gurbi. Idan facin ya yi kauri sai ya tokare farantin ya hana shi zama a kan ƙwaƙwalwa, idan ya yi siriri kuma ma'ajiyar ta zauna ba abin da ya taɓa ta, ta doshi digiri 110, inda ma'ajiyar GDDR6X ta RTX 3090 take tilasta wa katin rage gudu. Kowane faci yana da ledar kariya a fuska biyu, kuma dukansu ake ɓarewa. Man kuwa a shimfiɗa shi siriri ya rufe fuskar ƙwaƙwalwar daga kusurwa zuwa kusurwa, saboda ba ta da murfin ƙarfe irin na babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta. Haka nan sukurori huɗun da ke kewaye da ita a ɗaure su kaɗan-kaɗan, daga kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, a tsaya da zarar sun kama, domin matsi mai yawa a gefe guda yana iya fasa ta. Yana da kyau a sake ɗaga farantin sau ɗaya a duba: idan man ya baje ko'ina daidai, kowane faci kuma ya ɗauki shatin abin da ke ƙarƙashinsa, to zaman ya yi, sai a sabunta man a rufe.

Ruwan da ake zubawa shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, tare da sinadarin hana tsatsa da gansakuka, ko kuma haɗaɗɗen da aka yi domin wannan aiki. Ruwan burtsatse da na famfo da na leda duk suna ɗauke da gishirin ƙasa mai daskarewa ya toshe hanyoyin farantin, sannan a yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir, domin wani asid ne aka tsarma. Kafin a ba katin wuta dole a gwada yoyo, ko da ɗan famfon iska da ke matsa zagayen zuwa wajen rabin bar a ma'aunin matsi, a sa ido a kan allurarsa na kwata ɗin awa, ko kuma a kunna famfon ruwan shi kaɗai ya kwana yana aiki, an shimfiɗa farar takarda mai shan ruwa a ƙarƙashin kowace mahaɗa.

Bayan an kunna, manhaja irin su GPU-Z ko HWiNFO za ta nuna zafin ƙwaƙwalwa da na wurin da ya fi zafi a cikinta, kuma idan tazararsu ta haura digiri 20 sosai, alama ce ta cewa farantin bai zauna daidai ba. A saita kwamfutar ta kashe kanta idan famfo ya tsaya, a kuma ɗora ta a kan batirin ko-ta-kwana saboda yawan sauyi tsakanin wutar gari da janareta. Masana'antun roba da ke da injin sanyaya ruwa kada su ja ruwansa mai tsananin sanyi zuwa kwamfuta, domin da damina raɓa za ta taru a jikin farantin ta ɗiga a kan allon katin. Lagireto yana son a hure masa ƙura a kai a kai da hunturu, ruwan kuma a sauya shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ofishin da ba shi da wanda zai ɗauki nauyin wannan kulawa, gara ya bar katinsa da fankokinsa, ya kashe kuɗin wajen sanyaya ɗakin da toshe kafofin ƙura.